Ƙararrawar mota da barcin unguwarmu

Shekara 19 ina koyarwa kafin in mallaki mota. Tsohuwar Toyota Starlet ce ƙirar 1996, na saye ta da bashin da har yau ake cire mini a albashi. Dalilin sayenta shi ne Inna, da ake kai ta asibiti Maraɗi duk wata, kuma ba ta iya hawan babur. In motar nan ta ɓace, ban san ranar da zan sake yin wata ba.

Da aka sace babur ɗin wani abokin aikina ranar kasuwa a Ɗan Isa, sai na kasa barci. Kowa ya san yanayinmu a Madarunfa: iyaka tana kusa, abin da aka ɗauke da dare kafin asuba ya wuce Jibiya. Washegari na nufi Maraɗi wurin wani mai gyaran wutar mota.

Yaron ya shimfiɗa mini kayansa kamar mai tallar goro. "Mushe, ga ƙararrawa, ko taɓa motar aka yi za ta yi kuka. Ga kuma na'urar GPS, kana kwance a ɗaki za ka ga inda motarka take a waya." Na tambaye shi ko motar ba ta da wata kariya tata. Ya yi dariya, ya ce motocin Turai daga 1998 ne aka tilasta musu makulli mai ɗan guntun lantarki a ciki, wanda in ba shi aka sa ba inji ba ya tashi. Tawa ta riga dokar zuwa duniya, duk mai haɗa wayoyi biyu zai iya tafiya da ita.

Na ɗauki ƙararrawa. Ita ce mai ban sha'awa, ka danna maɓalli ta yi "ƙiƙ-ƙiƙ", yaran makaranta su waiwayo.

Daren farko ta yi kuka ƙarfe biyu. Na fito da sanda, maƙwabta huɗu suka fito, har Baba Liman da tocila. Akuya ce ta hau bayan motar. Dare na uku tsawa ce ta damina ta tada ita. Bayan sati biyu, in ta yi kuka ba mai ko buɗe ƙofa, ni ma daga kan gado nake danna maɓallin in koma barci. Wata safiya Baba Liman ya tare ni bayan sallah ya ce, "Malam, motarka ta fi ladaninmu himma." Ban sami abin cewa ba. Ga shi kuma tana shan batir ko motar tana tsaye. Da na yi kwana goma ban tada ta ba lokacin hutu, sai da almajirai suka tura ni.

Batun GPS na daɗe ina juya shi. Layin waya ake sa mata, ko Airtel ko Moov ko Zamani, sai ka riƙa zuba kuɗi, in ka manta ta yi shiru. Inda ba rezo ba ta turo komai. Kuma a ce ta nuna mini motar a wani daji ta wajen Gabi, ko a ƙetaren iyaka, wa zai je ya ɗauko? Ni da alli a hannu? Iyaka in kai wa jandarmomi wayar. Ga mai motocin haya goma tana da amfani, ban musa ba. Ga Starlet ɗin da ke kwana a ƙofar gida, kuɗin maganin Inna ya fi ta.

Na koma wurin yaron, na sa ya rage wa ƙararrawar saurin fushi, sai an buɗe ƙofa take kuka. Sannan ya sa mini ɓoyayyen maɓalli mai yanke wutar inji, abin da bai ma nuna mini ba da farko saboda ba shi da riba a kansa. Na ƙara da ƙarfen kulle sitiyari, wanda ɓarawo ke hangowa tun daga waje. Biyun nan tare ba su kai rabin kuɗin ƙararrawar ba.

Inda maɓallin yake, ni da uwargida kaɗai muka sani. Makon jiya na yi minti goma ina murza makulli a ƙofar makaranta, ina zargin batir, kafin in tuna ban danna shi ba.