Kakin Da Mu Ke Zubarwa, Wasu Na Cin Abinci Da Shi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in bayyana wa 'yan'uwa abin da na gano a wata tafiya, domin an ce gani ya kori ji.

Na tashi daga Zariya cikin mota, muka bi ta Abuja, muka ƙetare Kogin Kwara kusa da Lokoja, muka wuce Okene da Auci, har Allah ya sauke mu Birnin Benin na Jihar Edo. Ƙasa ce ja wur, mai yawan ruwan sama da itatuwan kwakwa. Ba nisa da fadar Sarkinsu, wanda su ke kira Oba, akwai wata unguwa wai ita Igun, ta maƙeran tagulla. Sana'ar gado ce gare su. A tarihinsu na baka sun ce tun zamanin Oba Oguola aka kawo musu gwanin zubi daga Ife. Dā Sarki kaɗai su ke yi wa aiki.

To, ga yadda na ga suna yi. Maƙeri ya kan fara gina siffar abin da ya ke so da yumɓu. In ta bushe sai ya lulluɓe ta da kakin zuma, ya zana dukkan ado a jikin kakin da ɗan tsinke, har ƙwayar murjani da kitso. Kana ya sake rufe ta da yumɓu mai laushi, ya bar 'yar kafa. In an gasa ta a wuta sai kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Nan a ke zuba narkakkiyar tagulla. In ta huce a fasa yumɓun, sai ga abu ya fito daidai yadda aka zana shi, a goge da magagari. Kowane zubi sau ɗaya a ke yinsa, saboda haka ba guda biyu da su ke daidai da juna. Ba siffar mutane kaɗai a ke yi ta wannan hanya ba, har da ƙararrawa da mundaye da sauran kayan ado.

Irin aikin kakannin waɗannan mutane ne sojan Ingilishi suka kwashe dubbai a shekarar 1897, sa'ad da suka ci garin suka kai Oba Ovonramwen Kalaba. A watan Disamba 2022 Jamus ta mayar da kashin farko na waɗanda ke hannunta, a 2025 kuma Holan ta mayar da guda 119. Ku duba, jama'a, abin da manyan ƙasashe ke gardama a kansa, asalinsa kakin ƙudan zuma ne!

Da na ga haka sai na tuna da yadda mu ke yi a gida, kunya ta kama ni. Mutum ya saƙa amya ya shafe ta da kashin shanu, ya rataya bisa ɗorawa ko tsamiya. In lokacin ɗiba ya yi sai ya hau da dare da bakin wuta, ya babbake ƙudan, ya kwashe saƙar duka har da 'ya'yan, ya matse zuma, ya watsar da kakin a juji. Alhali masana sun ce sai ƙudan sun sha zuma wajen kilo 6 zuwa 8 kafin su fid da kilo 1 na kaki daga jikinsu. Ashe mu kan zubar da mafi wuyar samu. Ga shi kuwa Allah ya girmama wannan halitta, har sura ta 16 ta Alƙur'ani, Suratun Nahli, sunanta ta ɗauka.

Shawarata ga masu amya guda huɗu ce. Na fari, a kori ƙudan da hayaƙin busasshen kashin shanu, kada a sa harshen wuta. Na biyu, a bar musu saƙar da ke da 'ya'ya da ɗan abin da za su ci, domin su zauna har baɗi. Na uku, a tara saƙar da aka matse cikin ƙyalle, a dafa cikin ruwa a tukunyar da ba ta baƙin ƙarfe ba, a matse, a bari ya huce. Kakin zai taso sama ya daskare, ba ya ruɓewa ko ya shekara. Na huɗu, manoma su daina fesa maganin ƙwari da rana sa'ad da amfanin gona ke fure, gama ƙudan nan su ke kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan har a sami yabanya.

Ina roƙon malaman makaranta da malaman gona su karanta wa mutanen ƙauye wannan takarda. In kuwa akwai wanda ya san inda maƙeranmu na fari ke zubi da kaki har yanzu, ya rubuto mu ƙaru.

Allah ya sa mu gane, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Matafiyi, Zariya.