Kaluluwa

Yaro ya yi tuntuɓe a wajen ƙwallo, farcen babban yatsansa ya ɗaye, ya ɓoye don gudun faɗa. Bayan kwana uku sai a ga yana ɗingishi yana dafe matsematsin cinya. Uwa ta sa hannu ta ji ɗan ƙullutu yana zillewa ƙarƙashin fata, yaro ya yi tsalle don zafi. Ba ta tsayawa a nan. Sai ta ce, "Kai, kaluluwa ce. Miƙo ƙafar in gani, ina ka ji ciwo?"

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin cewa kaluluwa ba ta fitowa haka kawai. Ciwon ƙafa a matsematsi yake tayar da ita, na hannu a hammata, na haƙori ko maƙogwaro kuwa a ƙarƙashin muƙamuƙi.

Ƙullutun nan tun haihuwa yake wurin, kuma kowa yana da ɗaruruwan irinsa. Ruwan da ke tsattsafowa daga nama, ɗauke da duk ƙwayar cutar da ta shigo ta bakin rauni, yakan bi ta cikinsu a tace shi kafin ya koma jini. A ciki akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, kowace da siffa guda ɗaya tak da take iya ganewa. Idan wata alama a jikin baƙuwar ƙwaya, wato antijin, ta yi daidai da ɗaya daga cikinsu, sai wasu fararen ƙwayoyin da ake kira ƙwayoyin T su ba ta goyon baya ta shiga rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har wurin ya cika ya kumbura. Abin da uwa ta taɓa ke nan.

Daga nan sai ƙwayoyin B su fara kwarara antibodi cikin jini, wani furotin mai siffar harafin Y. Da rassan biyu yake kama antijin. Yakan toshe dafin da ƙwayar ke fitarwa, ya cure ƙwayoyin wuri guda, ya kuma sa musu shaida yadda wasu fararen ƙwayoyin za su gane su su haɗiye. A karon farko aikin kan ci mako guda ko fiye, kamar telan da sai ya yi awo kafin ya yanka. Amma jiki yana ajiye awon: wasu ƙwayoyin B kan zauna shekara da shekaru, in wannan cuta ta sake dawowa cikin 'yan kwanaki an gama da ita. Wannan ajiya allurar rigakafi ke nema, shi ya sa wani lokaci hammata kan ɗan kumbura bayan an yi ta.

A 1890, a birnin Balin na Jamus, Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta sami garkuwa yana kare wata dabbar in an ɗura mata, saboda antibodin da ke cikinsa. Behring ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Har yau daga jinin doki ake samo maganin dafin mashaƙo, cutar da ta addabi Kano a 2023, wadda ita ma takan kumbura kaluluwar wuya. Sai dai wannan garkuwar aro ce, makonni kaɗan take yi ta ƙare. Wadda jikin yaro ya yi da kansa bayan rigakafi ita ce mai daɗewa.

Saboda haka kada a matse kaluluwa, kada a kai wa wanzami ya tsaga. A nemo raunin a wanke shi a kula da shi, ita za ta sace da kanta. Amma in ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta sauka ba, ko ta yi tauri babu zafi, ko ta zo da rama, tari da gumin dare, to kada a yi wasa, a tafi asibiti a duba.