Layin da ɗalibina ya ƙi ja

Shekara talatin na yi ina riƙe da alli a makarantun ƙasar Kurfai, kuma babu darasin da na fi nanatawa kamar na riƙon amana. Ban taɓa zaton za a wayi gari ɗaya daga cikin yaran da na koya wa baƙaƙe ya maido mini da darasin nan, har in tashi daga gabansa rai a ɓace ba.

Duk wanda ya san Filinge ya san yadda Allah ya shimfiɗa ƙasarta. Tana zaune ne a kwarin Dallol Boso, tafiyar kilomita kusan 180 arewa maso gabas da Yamai. Dallol tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun fil azal, ya taso daga Azawak ya gangara har kogin Isa. Ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rijiya ba ta yin nisa a cikin kwarin. Amma idan damina ta yi ƙarfi, ruwan da ya zuba bisa tuddai sai ya biyo ƙoramu yana neman tsohon gadonsa. Kakanninmu Kurfayawa sun san da haka, sai suka kafa gida a tudu, suka yi gona a kwari, suka bar wa dabba burtali.

Da lokacin ajiye aikina ya ƙarato, na shiga neman inda zan kafa bangon kaina. Ana cikin yankan sababbin filaye a gefen wani gari na yankinmu, kuma wanda aka ɗora wa zanen taswirar tsohon ɗalibina ne, wanda ya yi karatun tsara birane. Filin da ya faɗo mini yana can ƙurya, nesa da hanya. Kusa da hanya kuwa akwai wani makeken fage da aka bari fayau: gefe ɗaya an ware shi don makaranta, ɗaya gefen kuma hanyar ruwa ce. Bayan sallar isha'i na same shi a gida. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, daga bisani na roƙe shi ya gusar da layi kaɗan, ya fitar mini da ɗan fili a bakin fagen.

Ya sunkuyar da kai, ya jima bai ce uffan ba. Sannan ya ce: "Mushe, da filina ne, wallahi da na ba ku tun ba ku buɗe baki ba. Wannan na yaran da ba a haifa ba ne. In na yanka muku yau, gobe wani mai hali zai zo da tasa buƙatar. Da wane baki zan hana shi?"

Na fita ina ganin yaron nan ya yi mini butulci. Sai da na yi kwanaki ina juya maganar kafin na gane nauyin da ke wuyansa. Ranar da ake rabon fili, kowa yana da mai magana da yawunsa: attajiri yana nan, mai mulki yana nan, mai gonar da aka yanka yana nan, har ni tsohon malami ina nan. Akwai uku da ba su halartar zaman. Na farko ruwa, wanda ba ya karanta takardar mallaka. Na biyu makiyayi, wanda yake can daji da bisashensa, sai ranar kasuwar Lahadi ya taso ya tarar an gina katanga bisa hanyar da kakansa ya bi. Na uku yaron da zai nemi aji bayan shekara ashirin. Mai tsara gari shi ne wakilin waɗannan ukun, kuma idan ya yi shiru babu mai tuna su.

Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Tun 1993 Nijar take da kundin dokokin karkara, wanda ya haifar da kwamitocin kula da filaye. Dokar kiwo ta 2010 ta kare burtaloli da makiyaya daga mallakar mutum ɗaya. Sai dai bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 an miƙa wa garuruwa ɗawainiya mai yawa da aljihu marar nauyi, sai yankan fili ya zama hanya mafi sauƙi ta samun kuɗi. Mu ma'aikata ba mu manta da lokacin da gwamnati ta biya bashin albashi da filaye ba. Tun daga nan idonmu ya saba ganin kowane fage a matsayin kuɗin da ba a ƙirga ba tukuna.

Sakamakon yana gaban kowa. Dajin dogonyaro da aka fara shukawa a 1965 don ya kewaye Yamai ya kare ta daga iska da rairayi, gine-gine sun cinye babban kaso daga cikinsa, fili bayan fili. A 2020 kogi ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Yamai. A 2024 ambaliya ta halaka mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama mafakar waɗanda gidajensu suka rushe. Ruwan sama daga Allah ne, ba mai musu. Amma gidan da aka gina cikin ƙorama, akwai hannun da ya ja layinsa, akwai kuma wanda ya sa hannu bisa takardarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ba da cin hanci na je wa ɗalibina ba. Da girma na je masa, da haƙƙin malami bisa almajiri. Kuɗi ana iya mayar da su ga mai su, amma kunyar babba tana da wuyar turewa a al'adarmu. Ina jin filayen makarantu da suka salwanta ta hanyar kunya da zumunci ba su gaza waɗanda kuɗi ya ci ba.

Don haka nake kira ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Mu nemi a riƙa liƙa taswirar kowane sabon yanka a bainar jama'a, a bayyana ta da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajik kafin a kafa turaku. Mu sa a tambayi tsofaffi inda ruwa yake bi da inda dabba take ratsawa. Mu kuma daina kai wa ƴaƴanmu masu wannan aiki roƙon da zai sa su zaɓi tsakanin mutuncinmu da amanarsu.

Na gina gidana a can ƙurya. Har yau ba a gina makarantar ba, amma fagen yana nan. Da rani yara na buga ƙwallo a cikinsa, da damina kuma ruwa ya bi gefensa ya wuce bai taɓa bangon kowa ba. Ranar da na tare, ɗalibina ya zo taya ni murna. Na riƙe hannunsa na jima, na sa masa albarka, ba wanda ya tada tsohon zance a cikinmu.