Kilomita 210 A Kan Sirdi

Tun da labari ya bazu a unguwarmu cewa ni da wasu abokaina takwas za mu tuƙa keke daga Kano zuwa Kaduna a watan Disamba, domin tara wa yara masu ciwon sikila kuɗin magani, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, a masallaci da wurin aiki da majalisar yamma: me ya hana ku haɗa kuɗin ku miƙa, ku huta wa ranku? Masu yin tambayar ba da mugunta suke yi ba, wasunsu ma su ne suka fara zura hannu aljihu. Wata huɗu ke nan ina shiri, kuma ina ganin yanzu ina da abin da zan ce musu, ko da yake amsar ta fi tsawon abin da ake faɗa a tsaye a bakin ƙofar masallaci.

Bari in fara da hanyar. Daga Kano zuwa Zariya kilomita 137 ne, daga Zariya zuwa Kaduna kuma 73, jimla 210. Da farko wasu daga cikinmu sun so a zarce har Abuja, a ƙara wasu 165, amma duk wanda ya san abin da matafiya suka gani a wannan yanki a shekarun baya ya san dalilin da ya sa iyalanmu suka ƙi, mu kuma muka bi ra'ayinsu. Za mu yi tafiyar a kwana biyu. Ranar farko mu tashi bayan sallar asuba, mu wuce Kura da Ciromawa da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, mu kwana a Zariya. Washegari mu bi ta Jaji da Mararrabar Jos da Rigachikun mu sauka a Kawo. A mota, tafiyar 'yan sa'o'i ce da mutum kan yi rabinta yana gyangyaɗi. Ga ma'aikacin ofis mai shekara 46, wanda rabonsa da hawa keke tun yana sakandare, wani al'amari ne daban.

A ƙasar nan keke ya taɓa zama abin alfahari. Iyayenmu suna ba da labarin lokacin da malamin makaranta ko malamin gona zai sayi sabon Raleigh, a taru ana sa masa albarka, yara suna rige-rigen goge masa ƙura. Da babur ya zo, mota ta biyo baya, sai keke ya koma abin hawan wanda ba shi da yadda zai yi. Shi ya sa a makon farko da na fara fita, wani maƙwabcina ya ja ni gefe cikin tausayi ya ce, "Malam, in wani abu ne ya faru da motar, ka faɗa mana, ai mun zama ɗaya." Ban ga laifinsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da yawa sun ajiye motoci da babura sun koma feda ba don nishaɗi ba.

Kafin in taka feda da sunan horo, sai da na je wurin likita, domin sharaɗin da muka gindaya wa junanmu ke nan. Ya auna hawan jini, ya saurari zuciya, sannan ya tambaye ni rukunin jinina na gado. Na ce masa AS. Ya ajiye alƙalami ya yi mini bayani dalla-dalla: mai AS lafiyayye ne, yana iya wannan tafiya, amma ya fi kowa bukatar kiyaye ƙishirwa da zafin rana da tsananta wa jiki farat ɗaya, domin a irin wannan matsanancin hali ne kaɗai ƙwayoyin jininsa kan iya kawo masa cikas. Wato dai ni ma ina ɗauke da rabin abin da nake shirin yin tafiya dominsa.

Ɗaya rabin yana gidan ƙanwata. Ita AS ce kamar ni, mijinta ma haka, kuma an ɗaura musu aure a lokacin da ba wanda ke zancen gwaji. Idan masu AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar zuwa da SS. Mutane da yawa suna fahimtar wannan lissafi a karkace, suna zaton ɗa ɗaya ne cikin huɗu zai kamu, saura su tsira. Kowane ciki da nasa rabon yake zuwa, ana iya samun biyu ko uku a jere. Ɗanta na biyu, mai shekara tara, SS ne. Ƙwayoyin jininsa, maimakon su zama kewayayyu masu laushi, sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi ya taso, irin wanda ke sa yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Sanyi yana tayar da shi, zazzaɓin cizon sauro yana tayar da shi, ƙarancin ruwa a jiki ma haka. Akwai magungunan da ke sassauta lamarin: folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi, da hydroxyurea da ke rage yawan tashin ciwon, wani lokaci kuma sai an yi ƙarin jini. Matsalar ita ce sha ne na kullum, wata bayan wata, albashi kuwa ba ya ƙaruwa don an haifa wa mutum mai sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo a Najeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Mu a gidanmu muna iya tallafa wa ƙanwata. A layin asibiti kuwa ta sha ganin uwayen da ke karɓar takardar magani su ninke ta su sa a jaka, don sun san ba za su saya ba.

Horon kansa ba shi da wani asiri, haƙuri ne kawai da lissafi. A watan Agusta, ana tsakiyar damina, na fara da kilomita goma sau uku a mako, ina dawowa cinyoyina suna rawa. Ƙa'idar da masu wannan harka suke bi ita ce kada ƙarin da za ka yi a mako ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi a makon da ya gabata, kuma duk mako na huɗu ka sassauta, domin a lokacin hutu ne tsoka take ginuwa. Asabar ce ranar doguwar tafiya. A Satumba na kai talatin, a Oktoba na wuce sittin, farkon Nuwamba kuma muka je Wudil muka dawo, abin da ya kai kimanin kilomita tamanin. Mafi wahala shi ne fita kwana biyu a jere, Asabar da Lahadi, don jiki ya saba hawa sirdi alhali gajiyar jiya ba ta sake shi ba. Ranar Zariya zuwa Kaduna haka za ta kasance.

Na yi tsammanin ƙafa ce za ta fi kuka, ashe mazaunai ne da wuya da tafin hannu. A nan wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwarmu ya yi mini rana. Ya sa na hau, ya riƙe kan keken, ya ce in ɗora diddigena a kan feda in tura ta ƙasa. "Ka gani, Alhaji? Gwiwarka a lanƙwashe take. Sai ƙafar ta miƙe sarai a haka sannan sirdin ya yi daidai." Ya ɗaga shi da kamar faɗin yatsu biyu, ciwon gwiwar da ya fara damuna ya ɓace cikin mako guda. Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?" Ya yi dariya ya ce shekara arba'in yana kallon yadda mutane ke zama a kan keke. Shi ne kuma ya tilasta mini koyon yin faci da hannuna, da mayar da sarƙa idan ta zame, da duba birki kafin kowace fita, yana cewa tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari ba zan same shi ba. Akwai wani gajeren wando mai soso a ciki da 'yan tseren keke suke sawa. Na saya, amma a ƙarƙashin dogon wando nake sa shi, don ina da surukai a garin nan.

Batun ci da sha kuwa, dokar ita ce ka sha kafin ƙishirwa ta zo, ka ci kafin yunwa ta kama ka, domin idan ƙarfi ya yanke a tsakiyar hanya ba ya dawowa da wuri. Ina ɗaukar gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya kuma ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda. A aljihu dabino da ayaba da ƙuli-ƙuli. Wani abokin tafiyarmu ya yi odar wasu 'yan ƙunshe-ƙunshe masu tsada daga waje, daga baya shi ma ya dawo kan dabino.

A hanyar Wudil ne na fi samun abin tunani. Ina cikin haki, sanye da hular kwano, a kan keke mai giya ashirin da ɗaya, sai wani manomi da ya girme ni ya wuce ni a kan tsohon Phoenix marar giya, da buhun masara a baya, silifas a ƙafa, har yana yi mini sannu. Irinsa dubbai ne a karkararmu, suna cin nisan da nake taƙama da shi duk ranar kasuwa, babu mai ɗaukar su hoto, babu mai yi musu alƙawarin naira ɗari a kan kowace kilomita. Duk lokacin da wani ya kira abin da za mu yi jarumta, wannan manomi nake tunawa.

Abin da ke hana maiɗakina barci shi ne manyan motoci. Titunanmu ba a yi su da mai keke a zuciya ba, kuma direban tirela yakan ɗauki mai keke kamar akuyar da ta ɓace hanya. Masu dogon tunani za su tuna 2001, lokacin da ministan sufuri na wancan zamani, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan nasa. Saboda haka mun tsara mota ɗaya ta riƙa bin bayanmu da fitilu a kunne, ɗauke da ruwa da kayan gyara da ma'aikacin jinya. Mun rubuta wa Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan sanda muna sanar da su ranaku da hanya. Za mu yi layi ɗaya, kowa da riga mai ɗaukar ido, kuma ba mai tuƙi bayan magariba ko da saura kilomita biyar a isa. Tafiya a layi tana da wani amfanin: na gaba ne ke sara iska, na baya su samu sauƙi, sai a riƙa karɓa-karɓa.

Disamba muka zaɓa saboda iska. Zariya ta fi Kano tudu, don haka ranar farko hawa ne a hankali wanda ido ba ya gani amma cinya tana ji. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma kudu maso yamma muka nufa, ke nan za ta riƙa tura mu daga baya, rana kuma ba ta da zafin bazara. Da na yi wa ƙanwata wannan bayani cikin murna, sai ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, mu kuma lokacin ne muke kwana a asibiti." Sanyin da zai sauƙaƙa mini tafiya shi ne wanda take tsoro tun daga watan Oktoba, tana tanadin rigunan sanyi da ruwan ɗumi.

To, me ya hana mu miƙa kuɗin kawai? Mun miƙa, shekara da shekaru, kuma aljihun mutum tara bai kai ko'ina ba. Abin da keke ya yi mana shi ne ya buɗe bakin mutane. Duk inda muka tsaya shan shayi a Kura ko Wudil, sai an kewaye mu ana tambayar ina zuwa, daga nan hira ta koma kan AS da SS. Na ga saurayin da ya ajiye kofinsa ya tambayi inda ake gwajin da nawa ake biya, don an sa masa rana. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini, amma takardar gwaji ba ta hana auren da zukata suka riga suka ƙulla, sai in mutane sun fahimci abin da haruffan nan biyu suke nufi tun kafin magana ta yi nisa.

Wani malaminmu ya ja mana kunne game da riya, kuma gargaɗinsa yana wurin, domin sadakar da ake yi da hotuna tana da santsi. Abin da muka iya yi shi ne mu toshe ƙofofin da muke iya toshewa. Kowa da kuɗinsa ya sayi kekensa, mu za mu biya man motar rakiya da masauki da abinci, ko kwabo ba za a taɓa daga gudummawa ba. Ba a ba kowa kuɗi a hannu. Mutum uku ne ke sa hannu a asusun, biyu daga cikinsu ba sa cikin masu tafiyar, kuma magani za a saya a miƙa ta hannun likitocin da ke duba yaran, a buga lissafin kowa ya gani. Wanda ya yi alƙawarin naira ɗari a kan kilomita, naira 21,000 ke kansa idan mun isa Kawo, idan kuma Jaji muka tsaya, na Jaji zai biya.

Saura mako uku. Asabar mai zuwa za mu yi gwaji na ƙarshe, kilomita ɗari, washegari mu ƙara hamsin. Daga nan sai a rage tafiya, a yawaita barci, a kai kekuna wurin Baba ya canza tayoyin da suka suɗe ya sa wa sarƙa mai. Ɗan ƙanwata ya roƙa a bar shi ya shiga motar rakiya. Likitansa ya ce a jira a ga yadda sanyin makon zai kasance.