Daren da Na Goge Bashin Marayu

Duk wanda ya daɗe a Sabon Shagamu ya san aminina da muka rasa bara, Allah Ya jiƙansa. Ba sai na kira suna ba. Shekara 26 muna sayen goro tare, sitonmu ɗaya. Da ciwo ya yi tsanani, ya miƙo mini littafinsa na bashi, ya ce in riƙe wa yara. Littafi ne mai baƙin bango, akwai waɗanda yake bi tun daga Kano har Gusau, akwai kuma manoman goro da ke binsa a ƙauyukan Remo. Kun san ba a raba gado sai an biya bashi, don haka rabon marayu 7 yana cikin shafukan nan.

Ɗan ƙanena, wanda ya koyi gyaran waya da kwamfuta a Ikeja, shi ya ba ni shawara mu ɗauki hoton kowane shafi. Muka ɗauka, shafi 64, ya zuba su a filash cikin wata folda da ya sa wa suna BASHI. Ashe Allah ne Ya sa. Da damina ta kankama, rufin sito ya yi yoyo daidai saitin akwatin, tawada ta narke, ganye ya manne da ganye. Na ce ba komai, ai akwai hoto.

Ranar wata Laraba bayan Isha'i nake son kwafar karatun tafsiri in kai wa wani almajirina, filash ɗin ya ce babu wuri. Na duba fuskar laftof, ga BASHI nan a zaune da ɗan tambarinta. Na ce to tunda akwai kwafi a nan, bari in goge na filash. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, ni kuma na tabbatar mata da ƙarfin zuciya irin na wanda bai san abin da yake yi ba. Na fara tura tafsirin. Yana cikin tafiya sai zuciyata ta ce buɗe na laftof ɗin mana ka gani. Na danna, ya ƙi buɗuwa. Abin da na ɗauka kwafi ne, ashe alama ce kawai mai nuna hanyar zuwa filash, mai ɗan kibiya a gindinta. Na garzaya kwandon shara na Windows, wayam. A nan na fara sanin cewa abin da aka goge daga filash ba ya bi ta kwandon shara, haka ma wanda aka goge da Shift da Delete tare.

Wallahi na sha jan salla da zazzaɓi a jikina, amma ban taɓa jin gwiwata ta yi sanyi irin na daren nan ba. Ni da nake karanta wa mutane aya ta 282 cikin Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni a rubuta bashi. Mutumin nan ya rubuta, ni na goge.

Na kira yaron wajen ƙarfe 11. Tambayarsa ta farko ita ce: "Baffa, ka sa wani abu a ciki bayan ka goge?" Na ce tafsiri ne, bai ma gama shiga ba na tsayar. Ya yi shiru. Sai ya ce, "Zare shi, ka sa a aljihu, kar ka ƙara soka shi a ko'ina har in zo."

Da safe ya zo, kuma bayanin da ya yi mini shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na san rabin 'yan kasuwarmu yanzu lissafinsu na cikin waya ko filash. Ni da a tunanina gogewar kwamfuta kamar wanke allo ce, tawada ta bi ruwa shi ke nan. Ya ce a'a. Ya ce in ɗauka sito ne, a bakin ƙofa akwai allon da ake rubuta huhun wane yana kusurwa kaza. In ka ce goge, sunan da ke kan allon ƙofa kawai ake sharewa, a rubuta cewa wurin nan babu kowa. Huhun yana nan a ciki bai motsa ba, har ranar da sabon kaya zai zo a jibge shi a wurin. Shi ya sa ya tambaye ni tafsirin. Duk abin da ka zuba bayan gogewa, yana iya sauka a kan tsohon kayanka, kuma wanda aka danne ya tafi ke nan, ko wane gwani ka kai wa.

Ya sa wata manhaja mai suna Recuva, kyauta ake saukar da ita. Na lura a laftof ya sa ta, ba a filash ba. Ta yi 'yan mintoci tana lalube, sai ga jerin sunaye suna fitowa, kowanne da ɗigon launi a gefensa: kore ga mai lafiya, ruwan lemo ga mai rauni, ja ga wanda aka danne. Foldar tawa ta fito da suna _ASHI, babu harafin farko. Na ce me ya ci B ɗin? Ya yi dariya ya ce irin tsarin da yawancin filash ke zuwa da shi, FAT32, haka yake yi: harafin farko na sunan yake cirewa ya sa wata alama a gurbinsa don ya san an goge. Wato duk tashin hankalin da na kwana da shi, harafi ɗaya aka taɓa.

To, ba harafi ɗaya kaɗai ba. Hoto 58 suka dawo garau. Guda 2 suka buɗe rabi, sama rubutun aminina, ƙasa toka-toka. Guda 4 ja wur, tafsirina ya kwanta a kansu. Ya sake gwadawa da wata mai suna PhotoRec, wadda ba ta kula da allon ƙofa sam, shiga sito take yi tana shinshina kaya ɗaya bayan ɗaya, tana gane hoto daga yadda farkonsa yake. Ta tono har hotunan sunan jikata da na goge shekaru 3 da suka wuce, amma shafukan nan 4 ba ta same su ba. Duk abin da aka ceto kuma a wani faifai daban ya ajiye, ya ce mayar da shi cikin filash ɗin a lokacin tamkar ka ɗebo kaya daga ɗaki kana jibgewa a kan sauran da ba ka fitar ba.

Ya ƙara mini wani abu da nake so ku riƙe. Sa'ar da na ci ita ce filash ne. Sababbin laftof masu faifan SSD suna da wani tsari da ake kira TRIM, wanda ke share wurin da gaske jim kaɗan bayan an goge, kuma ma'ajiyar cikin wayoyin zamani ma ba ta da sauƙin tonowa. A nan abin da zai cece ka shi ne kwandon shara ko kwafi a wani wuri. Google Drive, alal misali, yana riƙe abin da aka jefa kwandonsa kwana 30. Su kuma masu cewa kawo mu yi fomat ya gyaru, a irin wannan hali ku guje su.

Saura shafuka 4, kuma su ne na watannin ƙarshe kafin rasuwarsa. Na je na sami uwar yaran na faɗa mata gaskiya, ban ce kwamfuta ce ta lalace ba, don ba ita ba ce. Ta ce, "Malam, shi ya yarda da kai, mu ma mun yarda." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a bayan salla na tashi na sanar cewa duk wanda ya yi hulɗa da marigayi daga Rajab zuwa rasuwarsa ya zo ya same ni. Mutum 5 suka zo. Wani direban tirela ya kawo naira 180,000 a leda, kuɗin da ba wanda ya san da su sai shi da mamaci. Wani Bayarabe manomi ya zo da 'yar takardarsa yana bin huhu 2, muka biya shi. Akwai kuma mutum ɗaya da na tabbata na ga sunansa a shafi na 62 ranar da muke ɗaukar hoto, sai dai ban riƙe adadin ba. A sahun gaba yake salla. Muna gaisawa kullum, yana tambayata iyali, har yau bai ce komai ba.

An raba gadon bayan Babbar Salla a kan abin da ya tabbata. Hotunan yanzu suna wuri 3: laftof, wani filash da ke hannun uwar yaran, da takarda da na sa aka buga na ɗaure cikin leda. Tsohon filash ɗin yana cikin aljihun tebur, ban sake sa masa komai ba. Yaron ya ce babu abin da ya rage a ciki da za a iya cirowa, in ci gaba da amfani da abina. Na ce masa to, amma har yanzu ban taɓa shi ba.