Akalar raƙumin dawa

Ni ɗan Gugaram ne. Ina da shekara 12 lokacin da kawuna ya ɗauke ni cikin motarsa, daga Arlit za mu Agadas. Dā kawu makiyayi ne. Farin 1984 ya cinye masa raƙuma, sai ya koma Arlit ya koyi tuƙin mota.

Da la'asar ya ratse daga kwalta, ya tsaya gindin wani dutse. Sunan wurin Dabus. Muka cire takalma muka hau.

A bisa dutsen an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Babban ya fi mita 5. An fitar da zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya, har ka ce zai motsa. Masana sun ce aikin ya kai shekara 6000 ko fiye, tun zamanin da ƙasarmu take da ruwa da itatuwa. Babu ƙarfe a lokacin. Da dutse aka sassaƙa dutse.

Amma akwai abin da ido bai taɓa gani a daji ba. Wani layi ya fito daga bakin dabbar, ya gangaro har ya iske wani ɗan mutum, ƙanƙane ƙwarai.

Kawu ya ce: "Me ka gani?"

Na ce: "Akala ce, kawu. Maharbi ya kama shi."

Ya ce: "Sake dubawa. Na shekara 20 ina jan akala. Mutum kamar wannan, ko ɗan taguwa ba zai riƙe ba."

Na sake dubawa. Gaskiya ne, dabbar ba ta fizge-fizge. Wuyanta miƙe, hankalinta kwance. Dabbar da aka kama ba haka take tsayawa ba. Rana ta yi ƙasa, inuwa ta cika ramukan zanen, wurin ya yi tsit. Ban ji tsoro ba, amma jikina ya yi sanyi, kamar ranar da ake sallama da matafiyi.

Har yau masana ba su daidaita kan layin nan ba. Wasu sun ce farauta ce, wasu sun ce alama ce ta addinin mutanen dā. Kawu kuwa nasa daban. Ya ce mai sassaƙar ya ga ruwa yana janyewa, dabbobi suna barin ƙasar, shi ne ya ɗaure ɗaya a dutse don kada ta tafi.

Sun tafi ɗin. Yau in kuna son ganin raƙumin dawa a Nijar, sai ku je Kure kusa da Yamai, ko Gadabeji inda aka kai wasu a 2018.

Kawu bai ƙara magana ba har Agadas. Da dare, ina neman tocila ƙarƙashin kujerarsa, hannuna ya taɓa wata tsohuwar akala a naɗe cikin tsumma.