Kafireton Babur ɗin Baba

Duk wanda ya san ni a makarantar nan ya san jan Boxer ɗin da nake zuwa da shi daga Zango. Ba nawa ba ne, na Baba ne. Da shi yake kai kaya kasuwar Mai'adua da ta Baure, amma da na shiga aji na biyu, ga laccar safe ga zirga-zirgar firojet, sai ya miƙa mini makulli ya ce shi zai riƙa bin motar kasuwa har in gama. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: in mayar masa da abinsa yadda ya ba ni.

Wata uku ba a yi ba babur ya soma zubar da mai. Da farko ɗigo ne kaɗan ta wani siririn tiyo da ke leƙowa ƙarƙashin kafireto. In na ajiye shi gindin dalbejiya na shiga aji, sai in dawo in tarar ƙasar wurin ta jiƙe kamar akuya ta yi fitsari. Na samu dabara: da na tsaya sai in rufe makunnin mai da ke jikin tanki. Ɗigo ya tsaya, ni kuma na ce matsala ta ƙare. Haka na yi ta yi kusan sati shida. Babur ya koma sai na yi ta dukan kik kafin ya tashi, yana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi kullum a jiƙe, ni dai ina ta lallaɓawa.

Ba wai babu bakanike ba ne. Akwai shi a bakin tasha, kuma tare muka yi firamare da shi. Shi ya tsaya daga aji shida ya shiga gareji, ni na wuce. Tun ranar da na samu gurbi a foli ya laƙaba mini suna Injiniya, ko'ina ya gan ni sai ya ɗaga murya ya kira. To ta yaya Injiniya zai turo babur gaban jama'a ya ce ya kasa gane abin da ke damun kafireto? Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ke nan. Na zana kafireto a takarda, na ci makinsa a jarrabawa, amma ban taɓa kwance ko ɗaya da hannuna ba.

Wata Asabar na dawo da dare a gajiye, na shigar da babur zaure na manta ban rufe makunnin ba. Da asuba ƙanwata ta je maƙwabta ɗebo wuta, ta taho da garwashi a marfin kwano. Inna ce ta fara jin warin fetur daga tsakar gida. Ihun da ta yi wa yarinyar nan ta tsaya a waje, har yau yana kunnena. Da na fito na haska fitilar waya, mai ya kwanta a ƙasan zauren har ya kai bakin tabarmar da Baba ke zama. Taku uku ya rage tsakanin garwashin da shi. Baba ya dawo daga masallaci, ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya ce, “Tun yaushe?” Na ce jiya ne. Bai ce komai ba, ya sa aka zuba rairayi aka share. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙarfe takwas na turo babur ɗin tasha, ban ma yarda na tayar da shi ba. Mutumina yana hango ni ya ce, “A'a, Injiniya da kansa! Lafiya?” Na ce masa, “Oga, yau karatu na zo ɗauka.” Ya yi dariya, amma da na ba shi labarin garwashi sai dariyar ta ɗauke. Ya miƙo mini sukundireba ya ce ni zan kwance, shi zai riƙa faɗa.

Ga abin da na gani da idona. A ƙasan kafireto akwai ɗan kwano da mai ke taruwa a ciki bayan ya gangaro daga tanki. Cikin kwanon akwai wani abu na roba marar nauyi mai yawo a kan mai, kanikawa na ce masa fulot. In mai ya ƙaru sai ya ɗaga shi, shi kuma ya tura wata 'yar allura mai bakin roba ta toshe ramin da man ke shigowa. In inji ya sha mai, fulot ya sauka, allura ta buɗe. Daidai da ƙwallon nan da ke rufe ruwa a tankin saman bene. In allurar ta kasa toshe ramin, mai ba zai daina shigowa ba, sai ya cika kwano ya bi tiyon da aka tanada ya zube ƙasa, wani kuma ya wuce cikin inji.

Ya ce abu huɗu ake dubawa, kuma a jere. Ya sa na girgiza fulot ɗin kusa da kunnena: in ya huje, za a ji mai na motsi a ciki, kuma ya yi nauyin da ba zai tashi ba. Nawa lafiya lau. Ya duba ɗan harshen da ke tura allurar ko ya lanƙwashe, shi ma daidai yake. Ya duba bakin allurar a rana, ya nuna mini wani zobe da ya fara ci a jikin robar. Sannan ya sa na leƙa ramin da take zama. Can ciki ga wata ƙwayar tsatsa, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ita ce ta hana ƙofa rufuwa sati shida.

Muka wanke da fetur mai tsabta, muka busa, ya sa sabuwar allura. Kafin a mayar ya koya mini gwaji: a kifa kafireton a busa ta inda mai ke shiga. In iska ta wuce, aiki bai yi ba. Na busa har kumatuna suka yi zafi, ba ta wuce ba. Daga nan ya zaro ma'aunin baƙin mai ya kai mini hanci. Warin fetur. Man da ya yi ta malala ya gangara ya tsinka baƙin man, ya ce da na ƙara wata guda a haka da injin Baba ya tafi. Dole aka juye aka zuba sabo, kuma shi ya fi komai cin kuɗi a ranar.

Na tambaye shi daga ina tsatsar ta fito. Ya buɗe tanki ya haska mini. Ya ce, “Injiniya, yaushe rabon da ka cika tankin nan?” Ban iya tunawa ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta zo ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, wane ɗalibi ke cika tanki? Kwalba ɗaya muke saya wurin 'yan bumburutu, wani lokacin rabi. Tankin da kullum yake kusan wayam yana tara raɓa a ciki, ya yi tsatsa. Man kwalba kuma in ba a tace ba yakan zo da ƙura ko ruwa. Muka wanke tankin, ya yanka tiyo ya sa ƙaramar filta a tsakani. Kuɗin hannu kuwa ya ƙi karɓa, wai ni na yi aikin.

'Yan'uwa masu babura, mun yi yawa a makarantar nan, kuma da yawanmu a ɗaki ko a baranda muke kwana da su, kusa da risho da masu shan sigari. In ka ga ɗigo ƙarƙashin kafireto, rufe makunni ka ɗan ƙwanƙwasa kwanon da ƙotar sukundireba, wani lokacin dattin yakan saki ka isa gida. Amma isa gida kawai wannan zai yi maka. Washegari a kwance shi, inji a huce, nesa da wuta.

Da yamma na gaya wa Baba gaskiya, cewa sati shida ne ba jiya ba. Ya ce ya sani, tun sati na biyu yake ganin tabon a zaure, yana jira ya ga ranar da zan faɗa. Ya bar mini makullin. Saura wata biyu in kare firojet in mayar masa da abinsa, kuma yanzu duk Asabar ina tasha daga safe zuwa azahar. Jiya na kwance kafireto na bakwai, na wani mai Jincheng daga Sandamu.